Masu Bin Sawu a Fuskar Teku

A Yaƙin Duniya na Biyu, babu abin da ya addabi masu kula da na'urar rada a jiragen Ingila da Amurka kamar tekun da suke shawagi a kansa. Aikinsu shi ne su ƙura wa allo ido suna dakon ɗigon haske, alamar cewa wani jirgin Jamus mai tafiya ƙarƙashin ruwa ya ɗago kai. Na'urar kan harba igiyar rediyo, igiyar ta daki ƙarfen jirgi ta dawo, ɗigo ya fito a allo. Sai dai ba ƙarfe kaɗai ke maido da igiyar ba, shi ma ruwan yana maidowa. Ran da iska ta taso, sai allon ya cika da wani farin hazo, abin da ake nema ya ɓace a ciki. Injiniyoyi suka ɗauki hazon nan datti ne, suka duƙufa neman yadda za su share shi.

Mai son kawar da abu dole ya san halinsa, don haka suka yi ta awo. Suka ga hazon yana ƙara kauri idan iska ta yi ƙarfi. Suka ga yana fin yawa idan eriya ta fuskanci inda iskar ke fitowa, ya ragu idan ta juya gefe. Duk an rubuta an adana, amma da niyyar yaƙar hazon. Sai bayan shekaru wasu suka farga cewa dattin da ake ta sharewa labarin iska ne da na ruwa, irin labarin da masana teku ke kashe kuɗi da watanni a jirgi suna nema ba su samu ba.

Wanda ya fara kama bakin zaren wani masani ne a Niyuzilan mai suna D. D. Crombie. A 1955 ya wallafa ɗan gajeren rahoto a mujallar Nature game da amsa-kuwwar da teku ke maidowa idan aka harba masa igiyar rediyo mai zangon kusan mita 22. Ya gano ba duka raƙuman ruwa ne ke amsawa ba. Cikin dubban da ke birgima, manya da ƙanana, waɗanda tazarar ƙololuwarsu ta yi daidai da rabin zangon rediyon, wato mita 11, su ne ke haɗa baki su maido da amsa mai ƙarfi. Ƙa'idar tsohuwa ce, ta fito daga aikin da William Bragg da ɗansa Lawrence suka yi kan ƙwayoyin ma'adinai, wanda ya ba su kyautar Nobel a 1915. Crombie ya nuna teku ma yana bin ta. A 1968 John Wright na ɗakin binciken sojan ruwan Amurka, da wasu masana a Kharkov ta Tarayyar Sobiyet, kowa ta hanyarsa, suka faɗaɗa bayanin zuwa rada mai gajeren zango. Ita abin da ke amsa mata 'yan mitsi-mitsin igiyoyi ne, daga tsawon yatsa zuwa taƙi da ɗan ƙari, waɗanda iska ke tayarwa nan take, su kwanta nan take idan ta lafa, suna haye a gadon bayan manyan raƙuma.

Duk abin da ya biyo baya a kan wannan ya rataya. Rada ba ta ganin cikin teku, domin igiyarta ba ta ratsa ruwan gishiri fiye da kaurin yatsa. Ba ta san launi ba. Magana ɗaya take yi: nan fuskar ruwa ta yamutse, can ta yi sumul. Inda ta yamutse hoto ya yi haske. Inda ta yi sumul igiyar ta zame ta yi gaba, hoto ya yi baƙi. Saura duk karatu ne. Mai duba hoton rada sana'arsa ɗaya da mai bin sawu a rairayi, wanda bai ga saniyar ba, bai ga wanda ya kora ta ba, amma daga zurfin kofato da faɗin taku zai ce maka da gudu aka wuce da ita, kuma jiya da yamma ne. Yana iya dacewa, yana iya bin sawun wata saniyar daban har ya kai mutane gidan da babu ruwansa.

Kafin a kai wannan ido sararin samaniya sai da aka warware wata matsala. Gwargwadon tsawon eriya, gwargwadon kaifin ganin rada, kuma daga nisan kilomita 800 eriyar da za ta bambance abu mai faɗin mita 25 sai ta kai tsawon kilomitoci. Carl Wiley, injiniya a kamfanin Goodyear, ya kawo mafita a 1951. Tunda jirgin da ke ɗauke da na'urar tafiya yake yi, a bar ƙaramar eriya ta yi ta harbi tana tara amsa a tsawon hanya, daga baya a haɗa amsoshin da lissafi tamkar doguwar eriya guda ce ta karɓe su. Sojoji suka rufe dabarar a aljihunsu shekara da shekaru. Su kuwa masana teku sun zauna kan batun leƙen teku daga sama a Woods Hole a 1964, a taron da Gifford Ewing ya jagoranta. Kukansu a fili yake: jiragen ruwa hanyoyin kasuwanci kawai suke bi, tekunan kudancin duniya kusan ba mai auna su, kyamara kuwa ba ta da amfani da dare, da rana ma gajimare ya rufe galibin ruwan. Rada ba ruwanta da dare ko gajimare. Richard Moore na Jami'ar Kansas da Willard Pierson na New York suka dage cewa ana iya auna iskar teku daga ƙarfin amsa-kuwwa. Aka gwada a tashar sararin samaniya ta Skylab a 1973, aka ga da gaske ne.

Ranar 27 ga Yuni 1978 a agogon GMT, roka ta tashi daga Vandenberg a Kalifoniya ɗauke da Seasat, tauraron ɗan'adam na farko da aka ƙera takanas don teku. Yana zagaya duniya sau 14 a rana a nisan kilomita 800. Na'urori biyar ya ɗauka, uku daga ciki rada ne: ɗaya tana duban ƙasa kai tsaye tana auna tsayin fuskar ruwa, ɗaya tana auna iska, ta ukun kuma mai ɗaukar hoto ce da dabarar Wiley, da eriya mai tsawon mita 10 da ɗoriya, tana sharar fili mai faɗin kilomita 100. Bayanan da take zubowa sun fi ƙarfin duk wani faifan ajiya da za a iya ɗora wa tauraro a lokacin, saboda haka ba a kunna ta sai yana saitin ɗaya daga tashoshi biyar: uku a Amurka, ɗaya a Newfoundland ta Kanada, ɗaya a Oakhanger ta Ingila. Wannan ya sa Tekun Gini da Tekun Indiya da galibin kudancin duniya ba su shiga hoto ba.

Ranar 10 ga Oktoba, wata uku da 'yan kwanaki da tashinsa, wutar lantarkin tauraron ta yi mummunan tartsatsi, ya yi shiru har abada. Kwamitin bincike ya ɗora laifin a kan zobban da ke sadar da wuta daga faifan hasken rana zuwa gangar jikin tauraron. Jita-jita ta bazu, har yau ba ta mutu ba, wai sojoji ne suka kashe shi da gangan saboda ya fara nuna sawun jiragen ƙarƙashin ruwa. Ba a taɓa kawo hujja ba, kuma bayanin zobban ya wadatar. Abin da ya ba jita-jitar abinci shi ne Amurka ta yi shekaru gommai ba ta sake harba tauraron farar hula mai irin wannan rada ba, in ban da gajerun gwaje-gwaje a kumbon 'yan sama-jannati, kamar na 1981 da 1984 da 1994.

Gaba ɗaya hoton awa 42 kacal aka samu, kuma ba hoto ba ne tukuna. Abin da ke saukowa zane-zane ne marasa kan gado, sai an zuba su a fim an haska musu hasken leza ta cikin jerin gilasai kafin surar ta fito. Kamfanin MacDonald Dettwiler na Kanada ya nuna a ƙarshen 1978 cewa kwamfuta za ta iya aikin har ta fi gilasai kyau, sai dai hoto ɗaya kan ci awanni masu yawa. Da galibin hotunan suka fito, tauraron ya riga ya mutu, amma masana suka yi shekara goma suna ci daga wannan akushi.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne ƙasan teku ya bayyana. A hotunan gaɓar Nantucket a gabashin Amurka, da na mashigin da ke tsakanin Ingila da Faransa, aka ga wasu layuka masu haske da duhu, aka ɗora su kan taswirar matuƙan jirgi, sai ga su daidai da tuddan yashin da ke kwance mita 10 ko 20 a ƙarƙashin ruwa. Yaya na'urar da ba ta ratsa kaurin yatsa ta ga abin da ke wannan zurfi? Wani masani ɗan Holan, de Loor, ya riga ya lura da haka daga jirgin sama, amma cikakken bayani sai a 1984 Werner Alpers da Ingo Hennings na Jamus suka kawo shi. Idan teku na cikowa ko janyewa, ruwan da ya zo hawa tudun yashi dole ya ƙara gudu, in ya sauka ya rage. Inda yake ƙara gudu yana miƙe 'yan igiyoyin fuska su kwanta, inda yake ragewa yana cunkusa su wuri ɗaya. Tudun bai nuna kansa ba, gudun ruwa ne ya rubuta siffarsa a sama. Shi ya sa hoton wuri ɗaya a sa'ar da ruwa ya tsaya cik ba ya nuna komai, a sa'ar janyewa kuma haske da duhun sai su yi musanyar gefe.

Haka labarin raƙuman cikin ruwa, wanda asalinsa ya girmi rada. A 1893 Fridtjof Nansen na Norwe yana tuƙa jirginsa Fram a gaɓar Taimir ta arewacin Siberiya, sai jirgin ya kama nauyi, inji na aiki amma tafiya ta ƙi, alhali ruwa a kwance yake. Vagn Walfrid Ekman ya warware abin a 1904: ruwan daɗi daga narkakkiyar ƙanƙara ya kwanta a kan ruwan gishiri mai nauyi, kuma ƙarfin injin yana tafiya ne wajen tayar da raƙuma a kan iyakar da ke tsakanin ruwan biyu, can ƙasa inda ido ba ya kai. Teku duka haka yake, hawa-hawa, mai ɗumi a sama mai sanyi a ƙasa, kuma raƙuman da ke bin iyakokin nan sukan yi girman da na sama ba su taɓa yi. A arewacin Tekun Kudancin Sin an auna waɗanda suka haura mita 100, alhali fuskar ruwa ba ta ɗaga abin kirki ba. Ewing ya nuna tun 1950 cewa suna barin layukan santsi a sama. Seasat ya nuna ba abin da ake gani jefi-jefi ba ne, suna ko'ina a bakin nahiyoyi. Hotunan mashigin Jibralta da taurarin baya suka ɗauka sun fi kowanne fitar da su: ruwan Atlantika mai sauƙi yana shiga ta sama, na Bahar Rum mai gishiri yana fita ta ƙasa, kuma idan cikowar teku ta yi ƙarfi sai jerin baka-baka su fito daga bakin mashigin su nufi gabas, na gaba ya fi na baya girma. Masu haƙar mai a Tekun Andaman sun san su tun shekarun 1970, domin suna jijjiga musu bututu.

Ita kuwa na'urar auna tsayi, wadda ba ta ɗaukar hoto ko kaɗan, ta yi nata abin mamakin. Dutsen da ke ƙasan teku yana da nauyi, nauyin yana jawo ruwa ya taru a kansa, har fuskar teku ta yi ɗan tozo na mita ɗaya ko biyu a faɗin kilomita gommai. Wurin rami mai zurfi kuma ta lotsa. Matuƙin jirgi ba zai taɓa ji ba, amma na'urar Seasat tana bambance santimita 10. A farkon shekarun 1980 William Haxby na cibiyar Lamont ya mai da waɗannan alƙaluma taswira, sai ga duwatsu da tsage-tsagen ƙasan teku a wuraren da jirgi bai taɓa auna zurfinsu ba. Sojan ruwan Amurka suka harba nasu, Geosat, a 1985, suka ɓoye mafi kyawun bayanansa sai 1995. Da aka saki, Walter Smith da David Sandwell suka fitar da taswirar 1997, kuma galibin tuddai da kwaruruwan da mutum ke gani yau idan ya buɗe taswirar teku a wayarsa daga irin wannan lissafi suka fito, ba daga awon zurfi na haƙiƙa ba.

Sai dai abin da aka fi sa rai a kansa, wato hoton manyan raƙuman fuska, shi ya fi jawo gardama. Dabarar Wiley ta ɗauka cewa abin da ake dubawa a tsaye yake, teku kuwa bai taɓa tsayawa ba. Abin da ke matsowa wajen rada ko yake nisantarta, lissafi yakan ajiye shi ba a wurinsa ba. Shi ya sa a hotuna da yawa za ka ga jirgi a gefe guda, farin sawunsa a gefe guda, kamar ba shi ya bar shi ba. Ruwan da ke hawa da sauka a jikin raƙumi haka yake tarwatsa hoton kansa, wani lokaci ya ƙara fito da raƙumin, wani lokaci ya goge shi ƙurmus. An yi shekaru ana kai ruwa rana a kan wannan, har Klaus Hasselmann da matarsa Susanne suka fitar da lissafin da ya ɗaure bakin zancen a 1991. Wannan Hasselmann ɗin ne ya samu kyautar Nobel a 2021, amma kan aikinsa na yanayi.

Da Amurka ta ja da baya, wasu suka ɗauka. Radar tauraron Sobiyet Kosmos-1500 ta taimaka wajen nema wa jiragen da ƙanƙara ta datse a gaɓar Chukotka hanyar fita a 1983. Turai ta harba ERS-1 a 1991, Kanada ta harba Radarsat a 1995. TOPEX/Poseidon na haɗin gwiwar Amurka da Faransa, daga 1992, ya bi tozon ruwan ɗumi yana ratsa Tekun Fasifik a lokacin yanayin da ake kira El Nino na 1997, kuma shi da magadansa ne suka tabbatar tsayin teku na ƙaruwa fiye da milimita 3 a shekara. Ɗaya daga magadan, Jason-1, ya yi katarin bi ta kan Tekun Indiya awa biyu bayan girgizar ƙasar 26 ga Disamba 2004, ya auna igiyar tsunami a tsakiyar teku: kimanin santimita 60.

A ganina inda karatun nan ya fi taɓa rayuwar mutane shi ne batun mai. Benjamin Franklin ya ba da labari a 1774 yadda ya zuba cokalin shayi ɗaya na mai a wani tafki a Clapham ta Landan, ya ga ya kwantar da ruwan da ya kai rabin eka. Abin da man ya kashe shi ne waɗannan 'yan igiyoyi da rada ke ji, don haka malalar mai baƙin tabo ce a hoto. Lokacin da jirgin dakon mai Prestige ya tsage a gaɓar Galisiya ta Sifen a Nuwamba 2002 ɗauke da tan 77,000, hoton tauraron Envisat ya nuna baƙar jela fiye da kilomita 100 tana bin sa. Daga 2007 hukumar tsaron teku ta Turai da ke Lisbon ta mai da wannan aikin yau da kullum, tana farautar jiragen da ke wanke tankunansu cikin dare. A 2010, da rijiyar man da dandamalin Deepwater Horizon ke haƙa ta fashe a Tekun Meziko, hukuma ta fara cewa ganga 1,000 ke zuba a rana, daga baya ta ce 5,000. Ian MacDonald na Jami'ar Jihar Fulorida da wata ƙaramar ƙungiya mai suna SkyTruth suka auna faɗin tabon a hotunan tauraro suka ce ya ninka haka sau da yawa, kuma lissafin ƙarshe na gwamnati ya haura ganga 50,000. Ƙungiyar ce kuma ta auna malalar filin man Bonga na kamfanin Shell, kilomita 120 daga gaɓar Najeriya, a Disamba 2011: hoton Envisat ya nuna tabo mai tsawon kilomita 70, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 900. Kamfanin ya ce abin da ya zuba bai kai ganga 40,000 ba. Rada ba za ta raba wannan gardama ita kaɗai ba, domin faɗi take nunawa, ba kauri ba.

Ba kuma kowane baƙin tabo ne mai ba. Wurin da iska ta ɗauke baƙi ne. Bayan tsibiri, inda dutse ya kare iska, baƙi ne. Maiƙon da ƙananan tsirran ruwa da kifi ke fitarwa yana yin baƙaƙen zare masu murɗewa. Ruwan sama mai ƙarfi yana yin nasa tabon, haka man da ke tsattsafowa da kansa daga ƙasan teku tun kafin a san haƙa. Idan gudun iska bai kai mita 3 a sakan ba, teku duka baƙi ne, ba a ganin komai. Idan ya haura mita 10 zuwa 12, raƙuma sun dama man da ruwa, ya ɓace. Gwani ba ya yanke hukunci da hoto ɗaya. Yana duba siffar tabon da kaifin gefensa, ya nemi iskar wannan sa'a, ya ɗauko hoton zafin ruwa da na launinsa daga wasu taurarin, ya duba wane jirgi ne ya bi ta wurin, in da hali kuma a tura jirgin sama ko kwalekwale ya je ya gani. Tun zamanin Seasat haka aka fara: a 1978 jiragen bincike sun yi dako a yammacin Sikotilan da Tekun Alaska suna auna iska da raƙuma a daidai lokacin da tauraron ke wucewa, kuma ba don su ba da babu mai yarda da alƙalumansa.

A Afrilu 2014 Turai ta harba Sentinel-1 ta kuma buɗe hotunansa kyauta ga kowa, abin da a da sai mai kuɗi ko mai kaki. Ɗalibi a Legas ko Akara yana iya sauke hoton gaɓar ƙasarsa na makon jiya. Hotunan sun fi ƙarfin idon ɗan'adam, aka koya wa kwamfuta karatun. A 2024 masu bincike na Global Fishing Watch suka wallafa a Nature sakamakon tace hotunan shekara biyar, 2017 zuwa 2021, suna ƙirga ɗigon hasken jirage suna kwatanta shi da siginar da jirage ke aikawa don bayyana kansu. Suka samu kusan kashi uku cikin huɗu na manyan jiragen kamun kifi na duniya ba sa cikin abin da jama'a ke iya bibiya, akasari a ruwan Asiya da Afirka. Ɗigon ba ya faɗin sunan jirgi ko tutarsa, ba ya kuma cewa sata yake yi ko lasisi gare shi. Wannan sai jami'in da ya hau kansa. Kwalekwalen katako na masunta a Ghana da Senegal kuwa galibinsu ba sa fitowa a hoton sam, don haka ƙirgar ba ta shafe su ba.